Zanena Zai Ɗauke Wurin Aikin Kawuna

Anti Zuwaira, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni 'yar Damagaram ce, ina zanen gine-gine a wani buro, wato ofishin masu zane, a Paris. Watan jiya maigidan aikinmu ya ba ni babban aikina na farko: kantuna da ofisoshi a bakin kogi a Lyon, cikin tashar da jiragen ruwa ke sauke yashi da siminti. Don murna har hawaye na yi a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

To, kawuna Ilya a tashar nan yake aiki, shekara ashirin da biyu yana tuƙa injin ɗaga kaya. A gidansa na Vénissieux, kusa da Lyon, na yi karatuna duka. Shi ya zagaya da ni tashar, ya nuna mini inda ruwa ke hawowa da lungun da kamiyo, manyan motocin kaya, ke juyawa, duk na sa a zanen. Sai ranar Talata aka ce in cire wurin sauke kaya, a shimfiɗa katako mutane su riƙa shan kofi suna kallon ruwa. Daidai inda injinsa yake tsaye.

Abin da ya fi ruɗa ni, zanen ya yi kyau. Ina kallonsa ina jin daɗi, sai kuma kunya ta rufe ni. Kawu kuwa yana ta gaya wa abokan aikinsa wai ɗiyarsa za ta gyara musu tasha. Na sa hannu ba zan fitar da maganar ba kafin a sanar. Sau uku ya kira ban ɗauka ba. In ajiye aikin? Takardun zamana a ƙasar nan da aikin suka dogara. In faɗa masa? Ni ban ma san ko sallamar su za a yi ko matsar da su ba.

Ɗiyar Kawu, Paris

Ɗiyata,

Kada ki ajiye aikin. In kika tashi, wanda bai taɓa taka tashar ba, shi za a miƙa wa fensir.

Kin faɗi da bakinki ba ki san makomar ma'aikatan ba. Gobe ki tambayi maigidan aikinku, ki kuma tambaye shi ranar da za a sanar. Sannan ki zana na biyu, wanda kantuna da wurin sauke kaya za su zauna tare. Masu shan kofi ma suna son kallon jirgi yana aiki. Ƙila a ƙi, amma kin gwada.

Alkawarin da kika sa wa hannu amana ne, ki riƙe shi. Sai dai bai hana ki ɗaukar wayar kawunki ba. Asabar ki hau jirgin ƙasa ki je Vénissieux, ki zauna gabansa, ki ce akwai abin da ba a ba ki izinin faɗa ba tukuna, kuma ba duka ne zai yi masa daɗi ba. Dattijo ne, zai gane, ya kuma rage yabon kafin ya ji kunya cikin abokansa. Ranar sanarwa kuwa, daga bakinki ya kamata ya fara ji.

Jin daɗin zanenki ba laifi ba ne, sana'arki ce. Allah Ya warware miki, Ya tsare wa kawu abincinsa.

Anti Zuwaira