Kujerar da Na Hana Baba

Omdurman,
12 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga mahaifina Malam Ishaku,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Yaya Gogo da mutanen unguwarmu ta Hajj Yusuf?

Baba, mun dawo daga gandun dajin Dindir ranar Alhamis. Na kasa zuwa in dubi idonka, shi ya sa na rubuto.

Da ka ji malaman makarantarmu za su je ganin namun daji, ka roƙe ni in tafi da kai, ka ƙara ganin dajin da ka tsinci ƙaro a gefensa kana saurayi. Na ce maka mota ta cika. Ƙarya na yi. Kujerar kusa da ni tulun ruwa aka ɗora mata. Shekara huɗu ina koyarwa cikin Larabawa, ba wanda ya san ni Bahaushiya ce. Na ji tsoron ka yi mini Hausa a gabansu.

Rana ta biyu muka tsaya bakin wata fadama, ga ɓauna sun fi ɗari, ga jiminu, ga gwanki yana shan ruwa. Ban san lokacin da "gwanki" ya fita daga bakina ba. Mai gadin dajin da ke mana jagora, wani dattijo mai suna Labaran, ya juyo da murna, ya yi mini Hausa.

"Ashe 'yar gida ce. 'Yar wa ce ke?"

Na amsa masa da Larabci cewa ban gane ba. Ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ma'alesh, ustaza," wato yi haƙuri malama, ya ci gaba da nuna wa sauran sawun zaki. Har muka tafi, shi ke fara miƙo mini shayi.

Jiya a ɗakin malamai na faɗi sunanka, na ce musu Hausa ce harshenmu. Awadiyya, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta ce ai ta daɗe da sani.

Na yi magana da direban da ya kai mu. Zai koma farkon Maris, kafin damina ta toshe hanya. Idan gwiwarka za ta jure, ka zo mu je, ka faɗa wa Malam Labaran 'yar wa ce ni. Idan ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Ka yafe mini, Baba.

'Yarka,
Ni'mat Ishaku