Kaskar da ke cikin firij

Litinin, 3 ga Yuni
Ina yi wa Auta kitso na ga kaska a bayan kunnenta, ta sha jini ta yi tim. Zan murtsuke ta, Auta ta riƙe min hannu. Da hantsaki ta sa na ciro ta, ta jefa a 'yar kwalba, ta ajiye a firij kusa da madara. Wai in wani abu ya taso, kaskar za a auna.
Karatun da ta yi ke nan. Tana jan farin ƙyalle a cikin ciyawa, tana tsintar kaska tana kai wa ɗakin bincike.

Laraba, 5 ga Yuni
Na sake ce mata ta bar aikin nan. Ta yi dariya, wai ni da na zauna a aji da furfura ban isa in hana kowa neman sani ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na kasa shan madarar. Na jefa kwalbar a shara. Ba ta lura ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Zazzaɓi. Ta ce gajiya ce.

Lahadi, 9 ga Yuni
Ta yi haɓo a kan matashi, muka tafi asibiti. Likita na jin irin aikinta ya sa safar hannu, aka kai ta ɗaki ita kaɗai. Ta gilashi nake ganinta. Ogansu ta zo da kanta, ta ce akwai cutar kaska mai sa zubar jini, akwai kuma wadda ƙwayar magani ke kashewa. Jinin Auta za a auna, amma kaskar za ta taimaka.
Auta ta ɗaga murya daga ciki: "Mama, tana firij, kusa da madara."
Na ce to.

Litinin, 10 ga Yuni
Na riga motar shara zuwa bakin layi. Leda bayan leda, da hannuna. Mai shago na tambaya ko zinariya ta ɓata. Na same ta cikin ɓawon ƙwai, murfin na nan. Na goge ta, na kai wa ogansu.

Laraba, 12 ga Yuni
Sakamako shiru. Na tsaya a gilashi har ma'aikaciya ta kawo min kujera.

Juma'a, 14 ga Yuni
Ba mai zubar da jinin ba ce. An buɗe ƙofa. Na taɓa goshinta, da sanyi. Ta shinshina ni ta ce wane sabon turare ne wannan. Na janye hannun da na tona shara da shi.

Lahadi, 30 ga Yuni
Gobe za ta koma aiki. Ban ce na yarda ba. Ƙyallen nata ne dai ya yage a gefe, na ɗinke. Safa ma na sayo, dogaye, farare, don a ga abin da ke hawa.
Madarar na mayar da ita ƙasan firij. Saman ya fi sanyi, na bar wa kwalabenta.