Idon da aka kawo mana

Litinin, 3 ga Maris
Antibodin, sinadarin gwajin da Oga ya yi oda, ya iso ɗakin bincikenmu cikin ƙanƙara. Kwalba kamar ɗan yatsa. Aikinsa ya lalubo furotin ɗin da ke jin haske a tantanin bayan ido, ya manne masa. In na leƙa madubin bincike, duk inda ya kama sai ya yi kore. Na gwada a idon ɓera. Kore shar, layi-layi.

Alhamis, 6 ga Maris
An kawo idon mutum. Wani dattijo ne ya bar wasiyyar a ba masu bincike. Oga ya ce da dundumi ya fara tun yana saurayi, gani ya yi ta tsukewa har ya ɗauke. Haka na Baba ya fara, Allah ya jiƙansa.

Juma'a, 7 ga Maris
Ni na yayyanka idon.

Talata, 11 ga Maris
Baƙi ƙirin. Na ɗauka antibodin ne ya lalace, na sake da na ɓera: kore. Na dattijon kuwa, inda ya kamata layin ya kasance babu komai. Dogo, abokin aikina, ya leƙa ya ce, "Kai, gidan nan an kwashe kaya tas, ko tsintsiya ba a bari ba." Na yi dariya don kada ya gane.
Ɗakin madubin ba taga. Ina zaune na ji kamar an tsaya a bayana, irin tsayuwar Baba in yana jiran a gaya masa inda ƙofa take. Na juya. Firij ne ke kuka.

Asabar, 15 ga Maris
Yaya ta zo. Na buge kujera a gabanta, kujerar da ta shekara a wurin. Ta ce, "Ke, yaushe za ki je a duba ki? Kullum kina leƙen idon mutane." Na ce gajiya ce. Ta dube ni, ta janye kujerar gefe. Gara ta yi faɗa.

Laraba, 19 ga Maris
Oga ya ce a gwada antibodi na biyu, na wani furotin da ba ya ganin siffa, sai dai ya gaya wa jiki ko rana ce ko dare. Na sa rai da wani baƙin. Sai ga ƙwayoyin da ke ɗauke da shi sun yi kore, ɗaiɗai, a warwatse, masu dogayen rassa. Dattijon ya mutu da su lafiya lau.
Baba kan juya fuskarsa wajen taga da safe ya ce, "Yau rana ta fito da ƙarfi." Mukan ce zafi yake ji.
Na daɗe ban ɗago kai ba. Dogo ya ajiye min shayi ya fita.

Lahadi, 23 ga Maris
Ban ga matakalar ƙarshe ba.

Juma'a, 28 ga Maris
Na je asibitin ido, don Yaya ta bar ni in huta. Likitan ya ɗiga min magani, ya haska, ya tambayi tarihin gida, ya ce sai an ƙara gwaji. Na san irin wannan muryar.
Mun fito da magariba, fitilar harabar ba ta da ƙarfi. Maigidana, da ya raka ni, ya miƙo hannu. Na riƙe har mota. Takalman nan santsi gare su.