Kati Na Ashirin Ya Ƙi Cika

Malama Odette, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tantance rubutattun labaran fim a wani kamfani a nan Burbank. Kullum da safe a jibge min su a tebur, ni kuma ina riƙe da jan biro. Dokarmu ɗaya ce: in aka kai shafi na goma ba abin da ya faru, a ajiye a ɗauki na gaba. Allah kaɗai ya san mutum nawa na kashe wa gwiwa kafin shayina ya huce. Ina kewar ofishin nan, ba zan ɓoye ba. Mu mata huɗu ne, mu ci burodi da cuku a tsaye muna dariyar shirmen da maza suka rubuto.

Da na yi ritaya sai na zauna rubuta littafi a kan gonar lemon babanmu kusa da Porterville, inda muka tashi ni da yayana Wendell. Shafi ɗari uku na cika. Na sa ƙamshin furen lemo a watan Afrilu, mai bin mutum har makaranta. Na sa yadda Mama ke ɓare lemo da babban yatsa ba tare da ɓawon ya tsinke ba. Na sa ranar da Wendell ya ɗora ni kan bishiya ya ɗauke tsanin ya tafi abinsa, sai da na sha lemo bakwai kafin a tuna da ni. Ina rubutawa ina dariya ina hawaye.

Na ba ƙawata Lorna, wadda muka yi aiki tare, ta karanta. Ba ta yi min kara ba. Ta ce da a teburina wannan ya sauka da ko shafi na shida ban kai ba, wai mutane suna ta tsinkar lemo har littafi ya ƙare. Na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Sai na koma wa abin da muka saba: na sayo ƙananan katuna arba'in na manna a bango, kowanne da abin da ya faru, goma na farko, ashirin na tsakiya, goma na ƙarshe. Duk suka cika ban da na ashirin, wanda a sana'armu nan ne labari ke kifewa komai ya canza.

Ba wai ban san abin da zai hau kansa ba. Shekarar da Baba ya rasu, Wendell yana ɗan ashirin da tara, ya sayar da gonar bai shawarci kowa ba. A bakin mai kawo wasiƙu na ji. Shekara tara muka yi muna gaba, sai wajen binne Mama muka gaisa, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar. A littafin ma tsallake ta na yi.

In na sa ta littafin zai miƙe, amma Wendell ya zama mugun labarin. Shi kuwa yanzu shekarunsa saba'in da tara, idonsa ya tafi, yana gidan kula da tsofaffi a Visalia. Duk Lahadi in na je sai ya tambaye ni yaushe zan fara karanta masa littafinmu. Haka yake kiransa, littafinmu. In bar katin fanko, ko in rasa yayana karo na biyu?

Taki,
Mai Jan Biro

'Yar'uwa Mai Jan Biro, sannu da ƙoƙari.

Lorna ta yi gaskiya, katunanki ma sun yi aikinsu. Ba su suka haƙa ramin ba, nuna miki shi kawai suka yi. Mai karatu ba zai damu da ƙamshin furen nan ba sai ya san gonar za ta tafi. Don haka dole cinikin gonar ya shiga littafin, wannan ba na ja da shi.

Sai dai kin taho da wata doka daga ofis wadda ba ta da aiki a nan. Shekara talatin kina soke duk layin da aka ce mutum yana tunani, saboda kyamara ba ta ɗaukar tunani. Abin da hannu ya aikata kaɗai ake gani, shi ya sa duk wanda ya sa hannu a takardar ciniki ya tashi a mugu. Littafi kuwa yana da damar shiga zuciyar mutum ya zauna. Ki ari tsarin fim ki kafa labarin, amma kada ki aro har da makantarsa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na ga wanda ya gaya miki an sayar da gonar, na ga shekarun gaba, amma ban ga dalilin da ya sa ya sayar ba. Zatona ke ma ba ki sani ba. Saurayi ne a lokacin, ga uwa mai takaba, ga gona, duk a kansa shi kaɗai. Ba na wanke shi, ɓacin ranki yana da hujja. Amma rabin labarin kawai ke hannunki.

Kada ki karanta masa babin ya ji shi kwatsam. Ki fara gaya masa kin tsallake maganar gonar kuma kin kasa ci gaba, sannan ki tambaye shi, ki yi shiru ki saurara, ba biro ba takarda. Yana iya fushi, yana iya cewa a bar maganar. In ya ƙi, kina da haƙƙin rubuta naki ɓangaren, ki kuma faɗa a ciki cewa nasa ba ki sani ba. Amma mutumin da ke cewa littafinmu, ina ganin ya daɗe yana jiran wani ya tambaye shi.

Lorna za ta iya jira, littafin ma haka. Wendell ne ban sani ba. Ki je Lahadin nan. Allah ya ba ki ƙarfin tambaya, ya ba shi ƙarfin amsawa, ya bar ku tare.

Odette