Malam, Safiya Tana Gudu

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, ni ce Hajara. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ba ka ma taɓa ganin rubutuna ba, domin sai bayan rasuwarka na shiga ajin matan unguwarmu ta Manfuha, a nan Riyad, na koyi haɗa baƙi. Ka yi haƙuri da karkacewar layin.

Ɗanmu Babangida lafiyarsa ƙalau, yana tuƙin motar da ka bari a wurin kafil ɗinka, ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, ya kuma sabunta mana iƙama, takardar izinin zama. Auta ya yi tari, ya warke. Hajiyarka a Katsina ƙafa ta matsa mata, yanzu a zaune take salla. Yayanka Bala yana nan a kasuwar Aziziya da tumatirinsa da faɗansa. Ni hawan jini ne, yau sama gobe ƙasa. 'Yarmu Safiya kuwa lafiyar ce ta yi mata yawa, kuma a kanta na ɗauki alƙalami.

Ka tuna matar nan ta ƙasar Jamaika mai tsere, wadda ku biyu kuke kallo a waya kuna ihu har maƙwabta su buga bango? Harshena bai taɓa iya sunanta ba, sai Barewa da ka laƙaba mata. To, ta ajiye gudu. Bayan tafiyarka ta ji ciwo a ƙafa, aka ce ta ƙare, ta yi jinya ta dawo fili tana gwabzawa da yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba. A tserenta na ƙarshe ba ita ta zo ta ɗaya ba. Ta tsaya tana haki tana ɗaga hannu, jama'a suka miƙe mata tsaye. Safiya ta yi kuka ranar, ta ƙi cin abinci. Na san ba Barewa kaɗai take yi wa kukan ba.

Ban taɓa gaya maka ba, amma duk lokacin da nake muku mita cewa kuna kallon mata da gajeren wando, daga bakin ƙofar kicin nake leƙe. Ni ma ji nake kamar in zura a guje idan bindigar fara tseren ta tashi. Ina yarinya a ƙauyenmu, babu namijin da yake riga ni zuwa rafi. Me ya hana ni faɗa maka? Kunya ce kawai.

Yanzu ga abin da ya faru. Malamar motsa jiki ta makarantarsu ta ga gudun Safiya, ta ce akwai ƙungiyar 'yan mata da za ta gwada yara ranar Alhamis. Mata ne zalla, da dogon wando da ɗankwali. Na kira Hajiya don in sanar da ita, layi yana yankewa. Na ce Safiya ta fara gudu, ita kuma ta ji Safiya ta gudu. Ta saki salati ta kashe wayar, ta kira Yaya Bala, nan take magana ta bazu. Ka san ma'anar wannan kalma a unguwarmu. A nan idan an ce mutum ya gudu, hurub ake nufi, ya tsere wa kafil, 'yan sanda suna nemansa. Kafin la'asar ɗakinmu ya cika da mata masu jaje. Wata tana tambaya ko an kai rahoto, wata ta ce dama ta lura yarinyar ba ta son zama. Muna cikin haka Safiya ta shigo da jakarta, ta gaishe su da Larabci, ta tambaye ni wa ya rasu.

An yi dariya an watse, amma Yaya Bala bai yi dariya ba. Ya ce ko gudun fili ko gudun gida, ɗiya mace ba ta yin ko ɗaya. Ya ce da kana raye ba za ka yarda ba, kuma shi ne bakinka yanzu. Ban yi masa musu ba. Da me zan yi? Kai kallo ka yi da ita, ba ka taɓa cewa ta yi ko kada ta yi ba. Kallon 'yar wasu daban ne da sakin taka.

Ni ma ina da tsorona, Malam. Idan ta karye fa? Idan ta yi nisa, tutar wa za ta yafa, yarinyar da aka haifa a Riyad ba 'yar ƙasa ba, ba ta kuma taɓa taka Katsina ba? Idan na hana ta kuma, zan iya kallon idonta? Tun da ka tafi ban ga ta yi ɗokin wani abu ba sai wannan. Kullum da asuba tana miƙe ƙafafu a tsakanin gado da firji, a hankali don kada ta tashi Auta.

Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Saboda haka nake roƙonka, in Allah Ya ba da iko, ka zo mini a mafarki kafin Alhamis. Ba sai ka yi dogon bayani ba, girgiza kai ma ya isa. Idan hantsin Alhamis ya yi ban ji daga gare ka ba, zan sa abayata in raka ta filin da kaina, Yaya Bala kuma zan gaya masa na tambaye ka, ba ka hana ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu da alheri.

Matarka,
Hajara, uwar Safiya
Manfuha, Riyad