Bindigar Baba a Hannun Bahago

Gangare, Jos,
Nuwamba, 1978.

Zuwa ga ƙanena Ishaku,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Kubra da yara. Allah ya tsare ka a kan aikin jirgin ƙasa, ya raba ku da zazzaɓin Fatakwal. Mu nan sai godiya. Inna ta sami sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ka kuwa san in ta soma wannan to lafiya ta samu. Maigidana Malam Jika yana nan yana fama da keken ɗinkinsa. Ni ce dai zama ya gagare ni, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa zaure in dawo, har Malam ya ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa.

Saƙonka ya iso, cewa tun da ɗanka Lukuman da ke hannuna ya kai shekara sha huɗu, a sauko masa da bindigar marigayi Baba, harba-ka-rugan nan da ke rataye a ɗakin Inna, ya bi Badung farauta in an gama girbi. Yaro ya yi murna har ya manta da tuwo. Ni ma na yi, don na san ba ƙaramin abu ba ne ka tuna da ɗan fari, kai da ko sunansa ba ka kamawa. Na aika wa Badung, abokin farautar Baba tun zamanin haƙar kuza, ya taho daga ƙauyensu da buhun dankali. Ya tsufa, amma idonsa na nan. Kafin ya taɓa bindigar sai ya jefa wa yaron lemo ba zato, yaro ya cafe da hagu. Ya miƙa masa sanda ya ce ya ɗauka zabo ne zai tashi, ya tafa hannu da ƙarfi. Sanda ta hau kafaɗar hagu kafin yaron ya san abin da ya yi.

Na san abin da za ka ce, ɗanka ba bahago ba ne. Ai ina wurin lokacin da kake ɗaure masa hannu da tsumma in an zauna cin abinci. Ka yi nasara, da dama yake ci, da dama yake rubutu, da dama yake gaisawa. Amma hali zanen dutse ne. Badung ya nuna mini a jikin bindigar cewa wutarta ta gefen dama take tashi. Wanda ya ɗora ta a kafaɗar dama, tartsatsin waje yake yi. Bahago kuwa a gaban idonsa take fashewa. Ya ce a daji, in zomo ya zabura daga ƙarƙashin dutse, hannu ba ya tsayawa neman izinin uba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke kewaye da idon Baba na dama, waɗanda muke taɓawa muna yara yana ture mana hannu? Ka tuna idon kullum yana hawaye, har ya mutu gaba ɗaya kafin rasuwarsa? Mu duka mun tashi a kan cewa nakiyar fasa dutse ce a wurin kuza. Badung ya ce albarushi ne, kuma wannan bindigar ce, yana tsaye kusa da shi ranar. Ya ce Baba a gari na dama ne, a daji bahago. Ban yarda ba, na shiga wurin Inna. Ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar wake ba, ta ce ita ta zauna da allura tana cire masa ƙwayoyin albarushin tana amarya, ya kuma roƙe ta kada ta faɗa, don kunya yake ji a ce da shi bahago. Ka ga ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ka sha wahalar gyarawa, kakansa ya ɗauko.

Akwai mafita, kuma ba ta da wuya. Wani maƙeri a bayan unguwar Katako ya ce zai ƙera wa yaron tasa bindigar, gajera mara nauyi daidai kafaɗarsa, wutar ta tashi ta hagu. Har itacen gindinta Malam ya zaɓo a kasuwar katako. Abin da maƙerin ke jira kawai a ce masa dama ko hagu. Amma yaron ya kafe. Ya ce babansa bindigar kaka ya ce, ita zai riƙe, kuma ba za ka dawo ka ji an ƙera masa bindigar bahago ba. Kullum yana bayan gida da taɓaryata a kafaɗar dama yana auna bango. Jiya na saki faranti da gangan a bayansa, taɓarya ta koma hagu. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na shige ɗaki don kada ya ga hawayena. Tsoro nake ji, Ishaku, ba zan ɓoye maka ba.

Acca ta nuna a kan duwatsu, an soma yanka, farauta kuwa ba ta jiran ɗan aike. Maganata ba ta shiga kunnensa, taka yake jira. Ka rubuto masa da hannunka ka ce ka yarda, bindigar Baba ta koma bango inda take. In kuwa amsa ta makara, ka sani ni yayarka ce, na goya ka kafin ka san damarka da hagunka. Zan je wurin maƙerin da kaina in ce hagu, ta Baba kuma in kulle ta a akwatina. Gara ka dawo ka yi masa faɗa, ya sunkuyar da ido biyu a gabanka.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka aiko da man zafin nan. Malam Jika yana gaishe ka. Ka gai da Kubra, ka shafa mini kan Tabawa da autanku, ka miƙa gaisuwata ga maƙwabciyarku Adaugo da ta kula da su lokacin ƙyanda. Lukuman ma yana gaisuwa. Ga shi can bakin ƙofa yana goge bindigar kakansa da tsumma, bai san ina kallonsa ba, kuma ba sai na faɗa maka da wane hannu ba.

Ni ce yayarka mai jiran amsa,
Safara'u.