Allon Kawu da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Famfo

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan ƙalau muke, auta ta fara rarrafe, ba abin da take bari a ƙasa.

Kawu, da ƙyar na iya ɗaukar biro yau. Ka tuna allon ɓuntun shinkafa da ka haɗa da hannunka, ka aiko in auna a ɗakin gwajinmu ko zai tare zafin kwano idan an yi silin da shi? Na rubuto maka cewa bai ci ba. To, ba allonka ne ya faɗi ba, ni ce na faɗi.

Ranar da ya iso a naɗe cikin tsohon buhu, abokan aikina suna ta jera kayan kamfanoni masu sheƙi. Sai na ji kunyar a ce na kawuna ne, na tura shi ƙarƙashin wurin wanke hannu, inda famfo ke ɗiga. Sati biyu yana can. Na'urar awon tamu faranti biyu ne, ɗaya mai zafi ɗaya mai sanyi, ana matse allo a tsakaninsu, ta nuna yawan zafin da ya ratsa. Dokar farko ita ce a busar da abu kafin a saka, domin jiƙaƙƙen abu ba ya tare zafi. Ni mai koya wa sababbin ma'aikata wannan doka, ni na tsallake ta, na auna allonka a jiƙe, ina sauri kada a gan ni.

Jiya shugabarmu ta tsinci allon, ta busar da shi, ta auna da kanta. Ta ce ya kusa kamo soson tare zafi na kamfani, ta tambayi injiniyan da ya yi shi. Na ce kawuna ne, kafinta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta gaya mini tun da takardata ta iso ka daina maganar silin, sauran allunan kuma da su ake hura wuta. Don Allah a tsame abin da ya rage. Ka yafe mini, Kawu, ban kyauta ba.

A gaida Inna, da Gwaggo, da Yaya Babba. Ka aiko da wani allon, wannan karon a kan teburina zai zauna, da sunanka a jiki.

Taka 'yar,
wadda kake kira Sarkin Awo